Ka gama ciniki kafin ka hau tsani

A shekarar 2011 na karɓi jingar saka wayoyi a wani masauki mai ɗaki 24 a nan Garwa, arewacin Kamaru. Mai wurin ya zagaya da ni yana nuna ɗakuna da sandarsa, ya ce so yake kowane ɗaki ya iya kiran teburin karɓar baƙi, nawa zan yi masa? Ko bango ɗaya ban auna ba na ce jaka 150. A wurinmu jaka ɗaya sefa 1,000 ce, na faɗa ne saboda 'yan'uwa na Najeriya. Alhajin bai ko taya ba, ya ce in fara gobe.

Akwatin raba layi, wanda masu ofis ke kira sitandar, da kawunan waya shi ya sayo daga Duwala. Sauran kaya kuwa, igiyar waya da soket da bututun roba da ƙusa, a cikin jakata 150 suke. Sun ci 95. Yaron da ya taya ni ya karɓi 24. Aikin da na ɗauka na mako guda ne ya kai kwana 19, saboda bangon kankare ne zalla, ga ƙarin soket a kicin da ɗakin maigadi waɗanda ba su cikin magana. Abin da ya rage mini jaka 31, ƙasa da sefa 1,700 a yini, a watan Afrilu, cikin silin ɗin da kwano ya gasa. Mutumin bai cuce ni ba, ya biya abin da na faɗa da bakina. Ni kuma na ƙarasa masa aiki yadda ya kamata, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Maigidan da na koyi sana'a a hannunsa tsohon ma'aikacin waya ne tun kafin a kafa Camtel, kamfanin waya na gwamnati, a 1998. Ya koya mini bin layi da kunne, ya koya mini ɗaurin waya mai tsabta, amma shi ɗan albashi ne duk rayuwarsa, bai taɓa zama ciniki da kowa ba. Wannan ɓangaren da kaina na koya, kuma da asara. Shi nake son in shimfiɗa wa ƙannena masu wannan aiki, daga Ngaundare har Kusiri, da na ƙetaren gada a Injamena.

Fara da sanin kuɗin yininka

Wanda bai san abin da yini ɗaya na aikinsa ke ci ba, duk farashin da ya faɗa caca ce. Zauna da biro da takarda. Ga nawa lissafin, kai ma ka saka naka.

Gidana, da haya da cefane da makarantar yara da magani, yana cin jaka 180 a wata. Babur, mai da gyara, 35. Katin waya da intanet, 10. Kayan aiki suna tsufa ko ba a so: injin huda bango, filayar danne kan waya, na'urar gwajin layi, tsani, kwamfutar da nake saita sitandar da ita. Na raba kuɗinsu bisa shekarun da suke yi, ya kama 25 a wata. Sai 20 da nake ajewa saboda rashin lafiya da tsufa, wani kaso ina zuba shi a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, tunda yanzu mai zaman kansa ma yana iya yin rajista da son ransa. Jimla 270.

Kuskuren da yawancinmu ke yi a rabawa yake. Ba a raba wannan kuɗi gida 30. A wata guda, kwanakin da ake biya na ba su wuce 15 ba. Sauran suna tafiya a zuwa duba aiki, rubuta takardar ƙiyasi, sayen kaya, jiran kaya su iso, bin bashi, da ranar da aka yi ruwa ko ba wuta. In ka raba 270 gida 15, ya ba ka 18. Wato duk yinin da na yi aiki ƙasa da jaka 18, daga aljihuna na ciko wa mai aiki. Wannan lambar ba na faɗa wa kowa ita, amma tana cikin kaina duk inda na zauna ciniki.

Kuma lissafin ba na dindindin ba ne. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya da muke sha a bakin titi, ita ma ta yi tsalle bayan Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023. Na san abokan sana'a da har yau suke faɗin farashin da suke faɗa kafin nan, suna mamakin yadda aiki ya yi yawa amma aljihu ba komai. Duk farkon shekara ka sake zama da bironka.

Kada ka faɗi kuɗi a tsaye

Za a kira ka a waya a ce, "Malam, waya goma ce kawai, nawa ne?" Amsata ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, bari in zo in gani, gobe in kawo maka a rubuce." In an matsa, sai in ce kuɗin da na faɗa ban ga wuri ba, ko in cuce shi ko in cuci kaina, kuma ba na son ko ɗaya. Ban taɓa rasa aikin kirki saboda wannan amsar ba.

In ka je, ka tafi da ma'auni da fitila. Ƙwanƙwasa bango ka ji na bulo ne ko kankare. Leƙa silin ka ga ko mutum zai iya rarrafe a ciki. Auna daga inda akwati zai zauna zuwa ɗakin da ya fi nisa, domin in wayoyin intanet za a saka, igiyarsu da ake kira Cat6 ba ta wuce mita 100 a jere, in ta wuce sai an ƙara na'ura a tsakani, kuma kuɗi ne. Tsohuwar waya mai igiya biyu ba ta da wannan damuwar a gini ɗaya. Duba ko ginin yana da sandar ƙasa mai zubar da wuta. Da yawa ba su da ita, kuma ranar da aradu ta faɗi a watan Agusta, kai za a kira a ce kayanka ba su da kyau. Tambayi yadda wutarsu take, musamman a bazara lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya ana rabon wuta unguwa-unguwa. Tambayi wa zai sa hannu a biya, don sau da yawa wanda ya zagaya da kai ba shi ne mai sakin kuɗi ba.

Sannan ka ƙirga soket. Ni da soket nake farashi. A ginin da aka riga aka gama, ni da yaro muna yin soket 5 a yini, daga jan waya har gwaji. Yinina 18, na yaro 4, ya zama 22, a raba gida 5, kowane soket ya tsaya a kan 4,400. Saboda haka nake rubuta 6,000, kuma ba na sauka ƙasa da 4,500. In ginin sabo ne, an bar bututu a bango, aikin ya fi sauri, sai in rage tun a takarda in kuma faɗa wa mai aiki dalili. Amfanin ƙirga da soket shi ne, ranar da Hajiya ta ce a ƙara mata ɗaya a kicin, ba gardama. Kuɗinsa yana rubuce.

Idan aikin a wajen gari ne, zuwa dubawa ma da kuɗinsa. Zuwa Pitowa ba komai, amma Gidar ko Figil ko Poli yini ne cur. Nakan ce a ba ni kuɗin mota, in an ba ni aikin in cire shi daga jimla.

Takardar ƙiyasi: kaya daban, hannu daban, hanya daban

Wannan ita ce zuciyar maganar. Aikinmu ba ya ganuwa. Magini in ya tashi, ga bango a tsaye. Mu kuwa in mun yi aiki mai kyau, waya ta ɓuya, mai gida ya ɗauki kai ya ji layi, shi ke nan abin da ya gani. Wanda bai ga wahala ba, ba ya jin nauyin biyan ta. Takarda ce ke fito da wahalar fili.

Kashi na farko kaya. Rubuta kowane abu da sunansa da adadinsa da kuɗinsa. Kwalin igiya mita 305 ne, ka rubuta kwali nawa, ka kuma rubuta ko jan ƙarfe ne zalla. Akwai mai araha da ke cika kasuwa, ciki alminiyam ne an shafa masa jan ƙarfe a sama. Nakan tafi da guntaye biyu a aljihu, in kankare su da wuƙa a gaban mai aiki, ya ga ɗaya ya yi fari a ciki. Sai in gaya masa mai farin cikin yana karyewa a wurin danna shi, kuma wayar da ke shan wuta ta cikin igiya tana wahala a kansa. Wannan minti biyun ya sha ceto ni daga "wani ya ce zai yi a rabin kuɗinka". Araha ba ta ado, amma sai ka nuna wa mutum da idonsa.

Ina ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kaya, kuma ina faɗa. Kuɗin yawon kasuwa ne da ɗauko kaya daga tasha da wanda ya zo a fashe. In mai aiki ya ce shi zai sayo da kansa, madalla, in rubuta masa suna da lamba, amma a sa a takarda cewa abin da ya sayo in ya ƙi aiki, yinin da na ɓata a kansa yake. Abin da ba na yi shi ne ɓoye ladana cikin kuɗin kaya. Na ga masu yi: su rubuta kuɗin hannu kaɗan don a ga suna da sauƙi, su ninka kuɗin igiya. Ranar da Alhaji ya aiki yaronsa babbar kasuwa ya tambayo, amana ta tafi, kuma ka koya masa da kanka cewa hannunka ba shi da daraja.

A ƙasan kayan ka rubuta cewa wannan farashi na kwana 15 ne. Kayan da ke zuwa daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundare mota ta ƙaraso da su, da waɗanda ke shigowa ta Yola ko Mubi suna bin rawar naira, ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Kashi na biyu hannu. Jan waya da soket, layi ɗaya. Kafa akwati da jera igiyoyi da lamba, layi ɗaya. Saita na'ura, layi ɗaya. Koya wa ma'aikata yadda ake tura kira, layi ɗaya. Saitin nan shi aka fi raina wa. A 2014, da aka mayar da lambobin wayar Kamaru daga alƙaluma 8 zuwa 9, sitandar da yawa sun rikice, gajerun lambobin da aka adana sun daina tafiya. Na gyara wa wani ofis nasu cikin minti 40, na ce jaka 15. Mai kula da kuɗinsu ta ce, "Malam, danne-danne fa kawai ka yi." Na ce, "Gaskiya ne Hajiya. Kwana nawa kuka yi ba a kira daga ofishin nan?" Ta ce uku. Na ce, "To kuɗin kwana na huɗun da ba ku yi ba ne." Ta biya. Tun daga ranar, gyara ba na sa masa farashi da minti. Akwai kuɗin fitowa, wanda ake biya ko da fis ne kawai ya ƙone, sannan akwai kuɗin gyaran gwargwadon nauyinsa, kuma ina faɗin na fitowa tun a waya kafin in tayar da babur.

Kashi na uku hanya: mota, abinci, wurin kwana, na kaina da na yaro. Ranar tafiya da ranar dawowa ina lissafa su rabin yini-rabin yini. Garwa zuwa Marwa wajen kilomita 200 ne, ba wanda zai sauka daga motar ya hau tsani ya yi aikin kirki.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne abin da ba ya cikin jinga. Fasa bango da mayar da shi da fenti, aikin wutar lantarki, sandar ƙasa, duk ka rubuta su. Garantina wata 3 ne a kan aikin hannuna. Aradu da hawan wuta ba su ciki, sai in an yarda an sayi na'urar kare aradu da batirin riƙe wuta da na rubuta. In ofis ne mai akanta, ka tambaya tun farko: kuɗin nan da harajin TVA, wato VAT, ne ko babu? Shi kaɗai kashi 19.25 ne cikin 100. Manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati kuma suna cire wani haraji tun kafin kuɗin ya iso hannunka, kuma za su nemi lambar harajinka. Ka tambayi akantan nawa ne zai shigo hannunka a ƙarshe, ka yi ciniki a kan wannan.

Zaman ciniki

Ka kai takardar da kanka. In ka tura ta WhatsApp kawai, ƙasa za a zarce a duba jimla a rufe. Ka zauna, a gaisa sosai, a tambayi iyali, sannan ka bi ta layi-layi da yatsa. In ka kai jimla ka faɗe ta a fili, ka yi shiru. Da ina saurayi, shirun nan ne ke kayar da ni. Mutum bai ce komai ba, ni da kaina zan ce "amma ana iya ragewa". Bar shi ya taya tukuna.

Zai taya, kuma ba laifi ba ne, haka ciniki yake a ƙasarmu. Shi ya sa na bar tazara tsakanin 6,000 da 4,500. Amma ragi iri biyu ne. Ɗan ragin mutunci, wanda ke sa dattijo ya ji an girmama shi, ina yi da farin ciki. Wanda ya wuce nan kuwa, sai a rage aiki tare da shi. "Alhaji, in jaka 300 ce a hannu, mu yi ɗakunan ƙasa yanzu, na sama in Allah ya hore." Ko a bar wayar a kan bango cikin bututun roba maimakon a binne ta. Ko ya ba ni yaransa biyu su yi fasa bango. Ta haka ya samu sauƙi, ni kuma yinina bai faɗi ba. In tayin ya sauka ƙasa da lambar da ke kaina, sai in ce albarka, in yi godiya, in bar masa takardar. Wasu sun kira ni bayan wata biyu in gyara abin da mai arahar ya yi, kuma gyaran ɓarna ya fi sabon aiki tsada.

Akwai maganganu uku da za ka ji har ka gaji. "Ka fara kawai, ba za mu ɓata ba." Amsa: "Don kada mu ɓata ne nake so mu gama magana yau, ranka ya daɗe." Sai "akwai manyan ayyuka a gaba". Amsa: "Allah ya kawo su, a na biyun zan yi maka ragi mai kyau." Ragin yana kan aikin da ya zo, ba a kan wanda ake jira ba. Na uku ita ce mai nauyi: "Ashe ba ka yarda da ni ba, sai da takarda?" A nan ba na gardama. Nakan ce, "Alhaji, ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni da kai duk masu mantuwa ne, kuma masu mutuwa ne." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi sa hannu bayan wannan ba.

'Yan'uwa da masallaci da makarantar unguwa fa? Ina yi musu, wani lokaci kyauta. Amma ko a nan ina rubuta cikakken kuɗin, a ƙasa in rubuta abin da na yafe. Kawuna ya san cewa aikin jaka 40 na yi masa a 10. In ba haka ba, gobe zai turo abokinsa ya ce ai ɗanmu a jaka 10 yake yi.

Yadda za a biya

Kuɗin kaya gaba ɗaya kafin in fara, tare da kafin alƙalami, kashi 40 na kuɗin hannu. Kashi 40 in an gama jan waya, kafin a kafa akwati. Sauran 20 ranar miƙa aiki. Kada ka sayi kaya da kuɗinka don a gan ka da ƙarfi. In an tura ta waya, wato MoMo ko Orange Money, a ɗora kuɗin cirewa, a faɗe shi tun farko, kuma kada ka goge saƙon.

Ranar miƙa aiki mu zagaya tare, a ɗaga kowace waya a kira, ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya. A ranar nake ba da zanen layuka da lambar sirrin na'ura a ambulan, in karɓi cikon kuɗina. Akwai masu saita na'ura ta kashe kanta bayan wata guda in ba a biya su ba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wayar asibiti ko ta masauki, ba ka san ran wa ke rataye a kanta ba cikin dare, kuma mai yin haka ya ɓata sunan duk masu sana'ar.

A ranar kuma nake kawo maganar kulawa ta wata-wata, lokacin da mutum ke jin daɗin sabon abu. Ziyara ɗaya a wata, share ƙurar hunturu daga akwati, duba batir, da zuwa cikin yini ɗaya in an kira. Wurare 6 nake da su a haka, su ne ke riƙe hayar gidana a watannin da sabon aiki ya yi wuya.

In albashi ne, ko ƙarƙashin ɗan kwangila

Da yawa daga cikinmu ba su da nasu kwastomomi. Suna aiki ne da kamfanonin da ke karɓar kwangilar kula da turakun sadarwa ko jan igiyar faiba, mai zaren gilashi a ciki, daga manyan kamfanoni. Na yi shekara biyu a irin wannan, kuma na shiga ba tare da na tambayi komai ba sai "nawa ne a wata". Ga abin da ya kamata in tambaya.

Kuɗin da aka faɗa, kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo hannu? A wane rukuni da mataki aka sa ni? A Kamaru ma'aikata rukuni 12 ne, kuma rukuninka ne ke yanke mafi ƙarancin abin da za a ba ka, don haka mai takardar fasaha kada ya yarda a rubuta shi a matsayin lebura. Tun Maris 2023, mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba jaka 60 ne a wata. Wannan na wanda bai iya komai ba ne. Mai iya haɗa faiba da inji, ya karanta na'urar auna ta, ya hau turke ya yi aiki da wuta mai bolt 48, ba daga nan zai fara ciniki ba.

Dokar ƙwadago ta 1992 ta sa makon aiki awa 40. Abin da ya haura ƙarin lokaci ne: awa 8 na farko ana ƙara kashi 20 cikin 100, 8 na biye kashi 30, na bayansu kashi 40. A aikinmu nan ne kuɗi ke zubewa, domin turke ba ya zaɓar lokacin lalacewa. Ka tambaya a fili: in an kira ni ƙarfe biyun dare, yaya ake lissafa shi? Makon da nake jiran kira, ba ni da ikon barin gari, akwai kuɗinsa? Ka riƙe ƙaramin littafi, ka rubuta ranar da wurin da lokacin fita da na dawowa, shugaban tawaga ya sa hannu. Hutu kuma yini ɗaya da rabi ne a kan kowane wata da ka yi aiki. Lokacin gwaji dole ya kasance a rubuce, kuma ga ma'aikaci irinmu ba ya wuce wata 6 har da sabuntawa. Kwantiragi mai wa'adi ba ya wuce shekara 2, sau ɗaya ake sabunta shi.

Maganar CNPS kada ka ɗauke ta da wasa. Ana cire kashi 4.2 na albashinka saboda fansho, kamfani ya ɗora nasa 4.2, kuma shi kaɗai ke biyan na haɗarin aiki. Wani patron, wato mai kamfani, zai ce maka, "bar CNPS, in ƙara maka jaka 10 a hannu". Mai hawa turke mita 40 bai kamata ya saurari wannan ba. Na san wanda ya faɗo, ƙugunsa ya karye, sai a gadon asibiti ya gane ba a taɓa yi masa rajista ba, ko da yake ana cire kuɗin duk wata. Ka karɓi lambarka, ka je ofishinsu da ƙafarka ka tabbatar ana zubawa, ka adana kowace takardar albashi. Igiyar ɗaure jiki da hular kwano da takalmi na kamfani ne, ba a cire su daga albashinka.

Sai kuɗin fita aiki. A rubuta nawa ne a kwana, kuma a ba da shi kafin tafiya. Aiki a Ngong daban yake da aiki a wajen Mora ko Kolofata ko hanyar Dabanga zuwa Kusiri, inda rashin tsaro ya daɗe yana cin mutane. Ka tambayi wa zai raka ku, ƙarfe nawa za a baro wurin, me kamfani ya tanada in wani abu ya faru. In amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da iyali, ka ce a'a.

Neman ƙari kuma yana da lokacinsa: bayan ka koyi sabon abu da kamfani ke bukata, ko lokacin sabunta kwantiragi. Ka shiga da littafinka, ka nuna turaku nawa ka riƙe, dare nawa ka fita, ka faɗi adadin da kake so da bakinka. "A duba ni, patron" ba ta kawo komai sai "za mu gani". Kafin ka shiga, ka tambayi abokan aiki biyu ko uku a wasu kamfanonin abin da suke karɓa. Mun cika ɓoye wa juna albashi, kuma mai ɗaukar aiki kaɗai ke cin ribar wannan ɓoyon.

In an ƙi biya

Mai albashi, doka ta ce a biya shi kafin kwana 8 su wuce bayan ƙarshen wata. In an riƙe, ka fara da wasiƙa, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ba a motsa ba, sai ofishin sufeton ƙwadago, akwai shi a Garwa da Marwa da Ngaundare. Zai kira ku sulhu, ba a biyan ko dala, in sulhu ya ƙi ya ba ka takardar da za ka kai kotu. Kada ka yi ta haƙuri har shekara 3 su wuce, don bayan nan haƙƙin neman albashin ya faɗi.

Mai jinga kuwa ba hurumin sufeto ba ne. Ni nakan fara da zuwa da kaina sau biyu, cikin mutunci, in tuna wa mutum hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In bai ji ba, in nemi dattijon da yake jin kunya, limaminsu ko wanda ya haɗa mu. Yawanci a nan ake ƙarewa, ko da biya kashi-kashi ne, kuma kashi-kashin ma a rubuta ranakunsa. In ta kai ga kotu, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Cadi duk suke ciki, tana da gajeriyar hanyar da alƙali ke ba da umarnin biya, amma sai bashin ya tabbata, adadinsa sananne, lokacin biyansa ya yi. Abin da za a nema a hannunka shi ne takardar ƙiyasi mai sa hannunsa, da takardar karɓar aiki, da saƙonnin kuɗin da ya riga ya turo. Nawa suna cikin wata jakar roba a saman kabad, kowace shekara da ambulan ɗinta, tun daga 2012.